Ƙin tashin mota alhali akwai wuta

Ƙin tashin mota alhali akwai wuta shi ne yanayin da direba zai murɗa makulli ko ya danna maɓallin kunnawa, fitilun dashbod su kama, rediyo da gilasan ƙofa su yi aiki, amma injin ya ƙi tashi. Yana daga cikin matsalolin da aka fi kai wa bakanike da masu gyaran wutar mota, kuma ana yawan yi masa gurguwar fahimta, domin ganin fitila kan sa mai mota ya wanke batir daga zargi tun kafin a duba shi. A gaskiya wutar da fitila ke ci ba komai ba ce idan aka kwatanta da wadda ake buƙata a juya inji.

Matsalar ta kasu gida biyu. Akwai motar da injinta ba ya juyawa ko kaɗan, sai shiru ko 'yar ƙara, akwai kuma wadda injinta ke juyawa lafiya amma ya ƙi kamawa. Dalilan waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kuma da kunne ake rarrabe su kafin a ɗauki sifana.

Kalmomin da ake amfani da su

Yawancin sunayen sassan mota a Hausa aro ne. Na'urar da ke juya inji a lokacin kunnawa ana kiranta sitata, amma a bakin bakanike a Najeriya kik ne, sunan da aka aro daga abin da ake takawa a tayar da babur, har ana cewa "yi mata kik" da nufin a murɗa makulli. Abin da ke ba da tartsatsi a cikin inji fulogi ne a Najeriya, buji a Nijar, inda aron ya biyo ta Faransanci.

Kalmar da ke jawo ruɗani ita ce wuta. A Hausa wuta na nufin lantarkin da ke cikin batir, tana nufin hasken fitila, tana kuma nufin tartsatsin fulogi. Idan direba ya ce "akwai wuta", fitilun gabansa yake nufi. Idan bakanike ya ce "babu wuta", sau da yawa tartsatsi yake nufi. Duk su biyun za su iya yin gaskiya a kan mota ɗaya a lokaci ɗaya.

Yadda mota ke tashi

Injin fetur, mai aiki bisa tsarin injin da Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a shekarar 1876, ba ya iya tayar da kansa. Dole wani abu ya fara juya shi har ya shaƙi iska da mai, ya matse su a cikin silinda, fulogi ya kunna su, sannan ya ci gaba da kansa. Da can da hannu ake juya shi, da wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaban mota, wanda kan karya wa mutane hannu idan injin ya yi baya. Charles Kettering na Amurka ne ya samar da kik mai aiki da lantarki, wanda aka fara sa wa motocin Cadillac a 1912.

Idan aka murɗa makulli, wata 'yar wuta kaɗan ce ke fita ta bi ta fiyus da rile zuwa ga solonayid, wani maganaɗisu da ke manne a jikin kik. Solonayid na yin aiki biyu a tare: yana tura ƙaramin haƙorin kik ya shiga cikin haƙoran babban faifan da ke bayan inji, yana kuma haɗa kakkaurar wayar batir kai tsaye da kik ɗin. Daga nan kik ya juya inji kamar sau 200 a minti ɗaya. Idan akwai mai, iska, tartsatsi da matsi, kuma kowanne ya zo a kan lokacinsa, injin zai kama.

Dalilin da ya sa fitila ba hujja ba ce

Ana auna lantarki ta fuska biyu. Bolt shi ne ƙarfin turinsa, amfiya kuma yawan abin da ke gudana, kamar bambancin da ke tsakanin ƙarfin ruwa a famfo da yawan ruwan da ke zuba. Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna shida, kowanne na ba da kimanin bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir ke nuna bolt 12.6 idan mota na kashe. Wanda ya nuna 12.2 ya kai kusan rabi, wanda ya yi ƙasa da 12 kuwa ya yi sanyi sosai.

Ƙwan babbar fitila mai wat 55 yana jan ƙasa da amfiya 5, fitilun dashbod da rediyo ma ba su wuce 'yan amfiya ba. Kik ɗin ƙaramar motar fetur kuwa yana jan amfiya 100 zuwa 200, na injin dizal ya fi haka nesa ba kusa ba. Batirin da ya tsufa zai iya riƙe fitila na tsawon lokaci, amma da zarar kik ya nemi nasa kaso sai ƙarfinsa ya zube. Don haka awon da ke da amfani shi ne wanda aka yi a daidai lokacin da ake yin kik: lafiyayyen batir bai kamata ya sauka ƙasa da bolt 9.6 ba.

Haka abin yake ga kan batir da ya yi datti ko ya saki. A ce tsatsa ta sa turjiyar om 0.02 a mahaɗar. Bisa dokar Ohm, idan amfiya 5 na fitila ta bi ta wurin, bolt 0.1 kawai za a rasa, wanda ido ba zai gani ba. Idan amfiya 150 na kik ta bi ta wurin, bolt 3 ne zai salwanta, ya koma zafi. Ga sabon batir, ga fitilu tar, amma kik ba zai motsa ba. Wannan ne ya sa kan batirin da ke da matsala yakan ɗauki ɗumi bayan an yi ta gwada kik.

Gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki shi ne a kunna babbar fitila ko ta cikin mota, a murɗa makulli ana kallonta. Idan ta dushe sosai ko ta mutu, wutar ba ta isa ba, ko kuma wani abu na janta fiye da kima. Idan haskenta bai ko girgiza ba, wutar ba ta kai ga kik ba ma.

Idan injin bai juya ba

Ƙara mai maimaituwa da sauri, ƙat-ƙat-ƙat, kusan kullum alamar ƙarancin wuta ce. Solonayid na samun abin da zai ishe shi ya rufe, kik ya ja wuta, ƙarfin ya faɗi, solonayid ya saki, ƙarfin ya dawo, ya sake rufewa, haka har a saki makulli. Injin da ke juyawa a hankali kamar mai jin barci shi ma nan ya dosa. Abin da ake fara dubawa kan batir ne: a girgiza shi da hannu a ga ko yana motsi, a duba farin gari ko kore-koren da ke taruwa a kansa. Ana kwance kan da ke da alamar − da farko, a wanke da ruwan ɗumi da bekin soda, a goge da samfefa, a ɗaure da kyau. Dukan kan batir da dutse, wanda ake yawan gani a bakin hanya, yakan tayar da motar a ranar, amma yana iya tsaga gindin kan, ruwan batir ya riƙa tsatsowa, tsatsar ta dawo fiye da da. Ana kuma bin baƙar wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji, domin ta nan wutar ke komawa, kuma ita aka fi mantawa da ita, musamman bayan an sauke inji ko giyabos an mayar.

Zafi na rage wa batir kwana fiye da sanyi, domin yana ƙafar da ruwansa yana kuma cinye farantan dalmar da ke ciki. Sai dai da safiyar sanyi ake ganin illar, lokacin da man inji ya yi kauri, batirin kuma ya rage kuzari. Shi ya sa batirin da bazara ta gama da shi yakan jira hunturu kafin ya nuna.

Ƙara guda ɗaya mai ƙarfi, sannan shiru, fitilu kuma ba su dushe ba, tana nuna solonayid ya motsa amma kik bai juya ba. Yawanci burushin gawayin da ke cikin kik ne ya cinye, ko tagullar da ke cikin solonayid ta ƙone. Bubbuga jikin kik a hankali yayin da wani ke murɗa makulli kan sa ya tashi, kuma idan ya tashi ta haka an gano mai laifi, ba a gyara shi ba. Idan kuma aka ji kik na gudu fiii shi kaɗai ba tare da inji ya motsa ba, haƙorinsa ne bai kama faifan ba. Bakanike na kiran wannan sashe bendis, daga sunan Vincent Bendix, Ba'amurken da ya ƙirƙiro shi.

Shiru gaba ɗaya yana nufin umarnin bai isa solonayid ba. Motar da ke canza giya da kanta tana da makunnin da ke hana ta tashi sai giya na kan P ko N. Idan ya fara lalacewa, motar kan ƙi tashi a P amma ta tashi a N, don haka ana gwada wannan kafin komai. Motoci da yawa masu giyar hannu ba sa tashi sai an taka kuloci har ƙasa, kuma tabarmar ƙafa da ta tattare a ƙarƙashinsa ta isa ta hana. Masu maɓallin kunnawa suna son a taka birki. Idan ƙaramin batirin rimot ɗinsu ya mutu, a yawancinsu ana kanga rimot ɗin a jikin maɓallin a danna. Bayan waɗannan sai fiyus da rile na kik, waɗanda zanen da ke murfin akwatin fiyus ke nuna wurinsu. Ana iya musanya rile da wani irinsa sak, kamar na hon, a gani. Na ƙarshe shi ne makunnin da ke bayan ramin makulli, wanda ke iya ba dashbod wuta ya kasa aika ta kik.

Akwai yanayi ɗaya mai haɗari a wannan rukuni, wato injin da ya cije. Alamarsa ƙara guda mai nauyi tare da dushewar fitilu, ko da batirin sabo ne. Rashin man inji na jawo shi, haka ma ruwa. Motar da ta mutu a cikin ambaliya da damina mai yiwuwa ta shaƙi ruwa cikin silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Yi mata kik a wannan hali na iya lanƙwasa sandar da ke riƙe da fistan, gyaran cire fulogi da fitar da ruwa ya koma na sauke inji. Bakanike na tabbatarwa ta hanyar gwada juya injin da sifana.

Idan injin na juyawa amma bai kama ba

A nan batir da kik sun yi nasu aikin. Ci gaba da kik ba ya ƙara komai sai zafi. Ƙa'ida ita ce kada a wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, a kuma huta tsakani.

Mai ne ake fara tuhuma. Allurar tanki na iya yin ƙarya, musamman a tsohuwar mota. A motoci masu injekta famfon mai na cikin tanki, kuma a yawancinsu idan aka murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, ba a kai ga kik ba, za a ji gunjinsa na daƙiƙa biyu daga wajen kujerar baya. Idan ba a ji ba, a duba fiyus da rilensa kafin a yanke wa famfon hukunci. Jin gunjin ma ba ya nuna ƙarfinsa ya isa, domin irin waɗannan injuna na son matsin mai na kimanin ba 3 zuwa 4, wanda sai da ma'auni ake sani. Man da ke cikin tanki shi ke sanyaya famfon, don haka yawo kullum da ɗan mai a gindin tanki na rage masa kwana. Wasu motocin Ford suna da makunnin da ke yanke wa famfo wuta idan motar ta yi karo ko ta faɗa rami da ƙarfi, kuma da yatsa ake mayar da shi.

Ingancin man ma abin dubawa ne idan matsalar ta fara jim kaɗan bayan an sha mai. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a ƙasan tanki, daidai inda famfo ke zuƙa, kuma man jarka irin na 'yan bumburutu ya fi fuskantar ruwa da datti. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya sun sanar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, aka janye shi daga kasuwa bayan masu motoci sun koka da lalacewar injuna.

Yawan mai shi ma na hana tashi. Injin fetur na son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a nauyi. Idan aka yi ta kik, ko aka kunna mota aka kashe nan take da sanyin safiya, fulogi kan jiƙe, a ji warin fetur. A motoci da dama masu injekta, taka totur har ƙasa a riƙe yayin kik na sa kwamfutar mota ta tsayar da feshin mai har silinda ta bushe.

Tartsatsi na fitowa daga koyil, wanda ke ɗaga bolt 12 na batir zuwa dubbai, sau da yawa sama da 20,000. A motocin zamani kowane fulogi da koyil ɗinsa, don haka mutuwar guda ɗaya na sa inji rawa ne kawai, ba ta hana shi tashi. Idan tartsatsi ya ɗauke a dukkan silinda, to abin da suka yi tarayya a kai ne ya samu matsala: fiyus, babban rile, ko sansar karanshaf. Wannan sansa ita ke gaya wa kwamfuta cewa inji na juyawa da kuma inda fistan yake. Idan ta yi shiru, kwamfutar ba ta ba da tartsatsi, ba ta kuma buɗe injekta. Tana da wata ɗabi'a da ake gane ta da ita: mota ta mutu idan ta yi zafi, ta ƙi tashi, bayan ta huce ta tashi kamar ba ita ba. A tsofaffin motoci masu distiributa, danshi a cikin murfinsa bayan ruwan sama ko wankin inji ya isa.

Sai na'urar hana sata da ke karanta makulli. An wajabta ta ga sababbin motoci a Jamus da Birtaniya a 1998, don haka yawancin motocin da aka yi amfani da su a Turai aka shigo da su Afirka ta Yamma suna da ita. A cikin kan makullin akwai ƙaramin guntun lantarki. Makullin da aka yanka a kasuwa ba tare da shi ba zai buɗe ƙofa, ya juya, ya kunna dashbod, amma injin ba zai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take. Alamarta hoton makulli ko kwaɗo da ke ƙiftawa a dashbod, kuma gwada ɗayan makullin na asali ya fi komai sauƙi. Ɓoyayyen makunnin tsaro ko na'urar bin sawu da wani ya ƙara wa motar daga baya su ma suna yanke famfon mai, kuma wanda ya sayi mota hannu na biyu ba lallai ya san da su ba.

Idan sautin kik ya canza, inji na juyawa da sauri da sauƙi ba tare da bugun da aka saba ji ba, babu matsi ke nan. Babban dalili shi ne tsinkewar bel ɗin taimin, wanda ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistan. A injuna da yawa tsinkewarsa na sa fistan ya daki bawul ya lanƙwasa su, don haka da an ji wannan sauti a daina kik. Masu ƙera motoci kan ba da wa'adin canza shi, galibi tsakanin kilomita 90,000 da 160,000.

Dizal da motoci masu haɗin lantarki

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi, zafin matsi ne ke kunna mai. Don haka batir mai rauni da ke juya shi a hankali na iya hana shi kamawa ko da komai lafiya. Iska a cikin bututun mai, bayan tanki ya ƙare ko an canza matatar mai, na daga cikin dalilan da aka fi samu, sai an fitar da ita. Motoci irin su Toyota Prius kuwa suna da ƙaramin batir mai bolt 12 ban da babban, kuma idan ƙaramin ya yi sanyi kwamfutocin ba sa farkawa, kalmar READY ba ta bayyana, ko da babban na cike.

Na'urar bincike

Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suna da mahaɗar OBD-II mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi sahu ga motocin fetur a 2001. Na'urar da ake jonawa a nan na karanto lambobin da kwamfuta ta ajiye. P0335 na nuni ga layin sansar karanshaf, P0340 ga na kamshaf. Lambar layi take nunawa, ba lallai sansar kanta ba, domin waya da ɓera ya ci ko soket da ya saki za su ba da lamba iri ɗaya. Matsalar kan batir, kik ko raunin famfo kuma sau da yawa ba ta barin lamba ko ɗaya.

Turi da jona batir

Turi na aiki ne ga mota mai giyar hannu kawai, kuma idan laifin na kik ne ko raunin batir. Ana kunna makulli, a sa giya ta biyu, a taka kuloci, idan ta ɗauki gudu a saki. Batirin da ya mutu murus ba zai ba famfo da kwamfuta wuta ba, turin ya zama wahalar banza. Ba a tura motar da ake zargin bel ɗinta ya tsinke ko ta sha ruwa.

Wajen jona batir ana haɗa + da + tukuna, sannan − na lafiyayyen batir da wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batirinta, saboda batir na fitar da iskar haidurojin mai kamawa da tartsatsi. Juya wayoyin na iya ƙona babban fiyus, altaneta ko kwamfuta. Bayan motar ta tashi ana auna batirin inji na aiki: bolt 13.5 zuwa 14.7 na nuna altaneta na caji, 12 da ɗoriya kuwa na nuna ba ya yi, kuma sabon batir ma zai mutu a kansa cikin ɗan lokaci. Tsohuwar dabarar cire kan batir inji na aiki don a gwada altaneta ba ta dace da motar da ke da kwamfuta ba, domin batirin ne ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke yi, idan babu shi kai tsaye take isa ga kwamfutar.